Batirin motata yana mutuwa in ta kwana a ajiye

Salam jama'a, don Allah a taimaka. Corolla ce, in ta kwana biyu a ajiye sai batir ya mutu murus, na sa sabo duk kanwar ja ce. Mai wayarin ya auna yana ba da volt 14 in inji na aiki wai caji lafiya lau, amma fa in na cire kan batir da daddare da safe tashi ɗaya take yi, kenan wani abu ke shan wuta a ɓoye. Ni rediyon Android ɗin nan nake zargi, wani kuma ya ce diyod ɗin altaneta (na'urar da ke cajin batir) ne, kuma ba na son zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa in sayo abin da ba shi ba ne. Fiyus ake zarewa ɗaya-ɗaya ana duba mitar awon wuta ko yaya?