Taƙaitawa kan shaidun shari'ar kisan Kudirat Abiola

Ga abin da na tattaro daga tattaunawarmu:

1. Kowa ya yarda an harbe Kudirat, matar MKO Abiola, a Legas ranar 4 ga Yuni 1996. Rigimar ita ce wanda ya ba da umarni.

2. Akasarinmu sun ce kada a gina hukunci kan shaidar Sajan Rogers da Katako, manyan shaidun masu gabatar da ƙara, tunda sun yi amai sun lashe a gaban kotu, suka ce alkawari aka yi musu don su ba da shaidar. Katako ma cewa ya yi ranar yana Azare.

3. An rabu kan Manjo Hamza Al-Mustapha, babban jami'in tsaron Janar Abacha, wanda aka tuhuma da kitsa kisan. Wasu na ganin kotun ɗaukaka ƙara ta kyauta da ta soke hukuncin kisan da aka yanke masa a 2012 ta sake shi a 2013. Wasu sun ce tsoro ma yakan sa shaida ya janye. Nan kam an daɗe ana ja.

4. Shawarar 'yan lauyoyinmu: a karanta hukuncin kansa kafin a yi musu.