Kamkoda Ko Kyamarar Da Ba Ta Da Madubi: Abin Da Masu Ɗaukar Biki A Jidda Suka Tsayar

Masu ɗaukar bidiyon walima a Jidda sun tattauna, kuma bakinsu ya zo ɗaya cewa kada a gwada kyamarori biyun da rana tsaka kawai. A kai su cikin zauren biki da daddare. A nan Sony A7S III, kyamarar da ba ta da madubi, mai faffaɗan sensa (ɓangaren da ke karɓar haske a cikin kyamara), kan fitar da fuska tas, yayin da kamkodar Sony PXW-Z90, mai sensa inci 1, ke fara nuna ƙura a wuraren duhu idan an ɗaga ISO, wato saitin ƙara hasken hoto.

Amma a waje da rana, kamkoda ce ke da riba. Tana da tacen haske a cikinta, da zuƙowa har ninki 12, da mashigar makirufo ta XLR, irin ta ƙwararru. Mai ɗaukar wa'azi na awa biyu a zafin bazara ya fi samun kwanciyar hankali da ita, domin ƙaramin jikin ɗayar na iya ɗumama har ta tsaya.

Wutar Saudiyya Hz 60 ce, wato tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, don haka a sa saurin shata (tsawon lokacin da haske ke shiga kyamara) a 1/60 ko 1/120 na daƙiƙa, in ba haka ba fitilun zauren za su riƙa ƙyalƙyali a hoton. Wanda ya zo da saitin Sudan, mai Hz 50, ya gyara tun kafin amarya ta shigo.