Neman shawara: yarinyar labarina tana ɓacewa da zarar soyayya ta shigo

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta da makaranta. Ina rubuta labarin soyayya, na kai tsakiya na cije. Yayar jarumar da ƙanin jarumin ma'aurata ne, suka rasu a haɗarin mota, suka bar yarinya 'yar shekara 3, riƙonta ya faɗo kan su biyun. Shi akawu ne, komai nasa da lokaci, magana sai ta kama dole. Ita mai zane ce, ga surutu ga fara'a, abin da ya zo mata a rai shi take yi. Masu bibiyar labarin sun ce yarinyar ba ta fitowa sai in ana neman dalilin haɗa su. Wasu kuma sun ce tausayin marainiya suke gani, ba so ba. Labarin nan yana raina ƙwarai. Ta ina zan gyara?

Uwa mai karatu:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Masu bibiyarki sun yi gaskiya, mai rainon 'yar shekara 3 ba ya samun hira ta minti 10 ba a katse shi ba. A wannan shekarun yaro bai gane mutuwa ba ta da dawowa, don haka za ta tambayi "yaushe Mama za ta zo?" yau, gobe ta sake. Tana iya komawa fitsarin kwance ko tsotsar yatsa bayan ta daina, ta riƙa bin babba har ƙofar banɗaki. Barcinta awa 10 zuwa 13 ne, na dare da na rana a haɗe. Ke nan lokacin da su biyun za su samu na magana shi ne bayan ta yi barci, a gajiye, murya ƙasa-ƙasa don kada ta farka. Ni irin wannan hirar ta fi kama min zuciya a kan duk wani baitin yabo.

Malamar ƙananan yara:
Ƙanwata, kin riƙe zinariya ba ki sani ba. Bambancinsu a kan yarinyar ya kamata ya fito. John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila da ya yi fice a binciken shaƙuwar yaro da mai rainonsa tun shekarun 1950, ya nuna yaro yana buƙatar wanda zai dogara da shi, wanda ba ya canja masa. Yaron da ya yi rashi yana samun natsuwa idan lokacin barci da na wanka ba sa motsawa, wannan kuwa fannin jaruminki ne. Amma ƙaramin yaro a cikin wasa da zane yake fitar da baƙin cikinsa, nan kuma ita ce gwana.

Ga rikicin da zan ba ki. Ita, don tausayi, ta ce wa yarinyar Mama ta yi tafiya. Shi ya ƙi yarda. Kuma shi ne da gaskiya, domin masana suna hana cewa mamaci ya yi tafiya ko yana barci: yaron zai zauna jira, ko ya fara tsoron kwanciya. Sai ranar faɗa mata ta zo, ya durƙusa gabanta, bakinsa ya kasa, don ƙaninsa ne ya rasu, bai taɓa kukansa a gaban kowa ba. Ita ce za ta ƙarasa maganar. A ranar kowannensu ya ga abin da ɗayan yake ɗauke da shi.

Tsohon marubuci:
Kan batun tausayi ko so: muddin yarinyar ce ta ɗaure su, mai karatu ba zai yarda ba. Buɗe musu ƙofa. Wani ɗan uwa nagari ya karɓi yarinyar na wata guda, babu sauran uzurin kira ko haɗuwa. Sai mu ga wa zai fara neman wani, da wace hujja. Kuma ki bar su da halinsu. Kada a ƙarshe ta zama shiru-shiru, shi ya zama mai barkwanci. Bambancinsu ya tsaya a ɗabi'a. Idan ya kai ga amana da gaskiya, zaman ba zai yi ba.

Mai karatu:
Don Allah Anti, ban da zazzaɓin dare da gudu asibiti, an gaji da shi. Kuma kada ki sa mata maganar manya a baki tana haɗa aure. 'Yar shekara 3 jimla gajera take yi, rabin zancenta "don me?"

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan ɗauki batun "ta yi tafiya". Amma Malam, raba ta da su wata guda ba zai zama rashi na biyu a wurinta ba?

Tsohon marubuci:
Zai zama, 'yata, kin fi ni gani a nan. To bar ta inda take. Shi za a yi wa canjin wurin aiki, ya riƙa kiran yarinyar a waya kullum kafin ta kwanta kamar yadda ya saba mata. Abin da za ki rubuta shi ne daren da yarinyar ta riga ta yi barci, ya sani sarai, amma ya kira.