Waɗanda suka riga ni fara sassaƙar dutse, yaya kuka yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mako uku ke nan da na sayi guduma da cizal biyu, na ɗauko dutse a bayan gari ina son in fitar da ɗan ƙaramin turmi. Bakin cizal duk ya dakushe, wuyan hannuna na zugi, dutsen kuwa ko gezau. Don Allah ku ba ni labarin farkonku.

Daga Jos: Wa alaikumus salam. Ƙanena, giranit ka ɗauko, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. Ni ma da shi na fara, na sha wuya a banza. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, giranit yana tsakanin 6 da 7, mabul, dutsen da ake ƙawata gini da shi, yana wajen 3. Nemi dutsen sabulu, wanda farcenka ma zai iya karta. Da zarto da magagari za ka sarrafa shi.

Daga Agadas: Gaskiya ne. A nan maƙeran Abzinawa da irin wannan dutse mai laushi na tsaunukan Ayar suke aiki. Wani dattijo na zauna wa. Wata guda bai bar ni na taɓa guduma ba, sai goga da samfefa a cikin kwanon ruwa. Ranar da na gama ƙaramin akushina, ya ɗumama shi ya shafa masa mai, sai dutsen da yake toka-toka ya koma baƙi wuluk yana sheƙi. Har yau yana ɗakin mahaifiyata.

Daga Ilorin: Idan ka samu hali ka je gidan tarihi na Esie a Kwara, wanda aka buɗe a 1945. Akwai sassaƙen dutsen sabulu ɗaruruwa, za ka ga sawun kayan aiki a jikinsu. Ni dai ba na yin siffar mai rai, kwanuka da rubutu nake yi, amma na ƙaru sosai a can.

Daga Abuja: Yayana, maganar ƙura ta fi damuna. Na yi wata biyu ina aiki a shago a rufe, na zo ina tari har cikin dare. Likita ya ce ƙurar dutse tana zama a huhu, ba ta fita. Yanzu a waje nake aiki, in jiƙa dutsen, in sa takunkumi mai tace iska da tabarau. Ƙyalle a hanci ba ya tare ta.

Na gode ƙwarai. Na ajiye giranit ɗin a gefe. Ɗan uwa na Jos, a ina kake samun naka dutsen sabulun?