Starling da Hausa: shaya ce, ko mu raɗa mata sabon suna?

Mai fassara: Assalamu alaikum jama'a. Ina fassara wani bayani kan tsuntsayen da ke sauka a lambunan gidaje a Ingila, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro tun jiya: starling. Tsuntsu ne da bai kai kurciya ba, tsawonsa kamar santimita 20. Daga nesa baƙi ne, amma in rana ta haska shi sai ka ga kore da shunayya suna walƙiya a jikinsa. Da hunturu kuma fararen ɗigo-ɗigo ke rufe shi. Na rubuta "sitalin" na goge, don ni kaina Stalin na Rasha ne ya faɗo mini a rai. Masana, a agaza.

Ɗalibi: Wa alaikumus salam Yaya. Ai sunan ya fassara kansa. Star tauraro ne, ga kuma ɗigo-ɗigon nan kamar taurari a sararin dare. "Tsuntsun taurari" kawai.

Malamin Hausa: Ɗana, sunan ya yi daɗi a baki, sai dai tushen ba haka yake ba. Kalmar ba daga tauraro ta fito ba. A tsohon Ingilishi sunan tsuntsun ne kansa, ɗan'uwan sturnus na Latin, kuma har gobe Jamusawa Star suke ce masa alhali tauraro a wajensu Stern ne. Sa'an nan ɗigon ba ya zama. Bakin sababbin gashinsa ne ke da fari, yana gogewa a hankali, kafin lokacin saka ƙwai ya kusa ɓacewa. Ka ga rabin shekara sunan naka ƙarya zai riƙa yi.

Kafin mu ƙirƙira, mu duba abin da muke da shi. Danginsa suna nan a Afirka, masu sheƙin nan kamar an shafa musu shuni, da ido ruwan ɗorawa. Hausa ta ce musu shaya, wasu su ce tsakwaikwaiwa. A wajen masana halittu gidansu ɗaya da wannan da kake nema.

Ɗalibi: Allah ya gafarta Malam, na janye. Amma na ji an ce yana magana. Me zai hana a ce "akun Turai"?

Mai kiwo a Amurka: Ƙanena, kada ka soma. Duk wanda ya ji "aku" zai je ya sayo ƙwayoyin hatsi ya zuba mata, kuma hanyar kashe ta ke nan. Ina da ɗaya shekara huɗu yanzu. Na tsince ta a ƙasa ba ko gashi, ta faɗo daga ramin iska na bangon gida. Makonnin farko kusan duk bayan minti 20 zuwa 30 sai na ɗura mata abinci, daga asuba har magariba. Cimarta ƙwari ne da tsutsa, shi ya sa masu kiwo ke jiƙa busasshen abincin kare ko na kyanwa su haɗa da dafaffen ƙwai da niƙaƙƙen tuffa. Sai an kula da sinadarin ƙarfe a abincin, don yana taruwa a hantarta ya yi mata illa. Sukarin shayi ma cikinta ba ya narkar da shi, zawo yake sa ta.

Magana kam tana yi. Tawa ta kwaikwayi ƙarar wayata har na sha tashi daga barci ina lalube. Mozart, shahararren mai tsara kiɗan nan na Austriya, ya sayi ɗaya a 1784, ta zauna da shi shekara uku, da ta mutu har waƙar makoki ya rubuta mata. Amma kwaikwayo kaɗai ya haɗa ta da aku. Baki, ƙafa, cima, duk daban.

Mai fassara: Yallaɓai, ba laifi ba ne ajiye ta a can?

Mai kiwo a Amurka: Dokar tarayya ta 1918 da ke kare tsuntsaye ba ta shafe ta ba, don baƙuwa ce. Wani Eugene Schieffelin ne ya saki wasu a lambun shaƙatawa na Central Park da ke New York a 1890 da 1891, duka-duka kamar ɗari, yau ga su miliyoyi sun cika nahiyar. Sai dai kowace jiha da nata ƙa'idar, a bincika. Kuma wadda ta tashi a hannun mutum ba ta sakuwa, mutane take ɗauka danginta. Tana iya haura shekara 15. Ga kashi ko'ina, ga wanka sau biyu a rana da sai ta jiƙa bango.

'Yar'uwa a Ingila: Mu nan labarin ya sha bamban. Dokar kare namun daji ta 1981 ta kare ta, ba a kamawa a ajiye haka kawai, kuma tana cikin jerin tsuntsayen da ake fargabar raguwarsu. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB na shirya ƙidayar tsuntsayen lambu duk watan Janairu tun 1979, kuma adadin wannan tsuntsun ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin 100. Duk da haka in suka sauka lambuna sai ka rantse ba su ragu ba. Na rataya dunƙulen kitse, na zuba busassun tsutsotsi a faranti, na juya in ɗora ruwan zafi. Kafin ya tafasa goma sha biyar sun sauka, suna faɗa da tsiwa, ƙananan tsuntsaye duk sun koma kan shinge suna kallo. Yanzu na raba: ɗaya mazubin na sa shi cikin keji mai ƙananan ƙofofi don ƙanana, nasu kuma a fili. Lokacin da suke da 'ya'ya ina jiƙa tsutsotsin tukuna.

Abin da na fi son kallo shi ne yadda take kiwo a ciyawa. Ba tsattsaga take yi irin na kaza ba. Baki a rufe take caka shi cikin ƙasa, sai ta buɗe shi da ƙarfi ramin ya wage, ta leƙa ta zaro tsutsa. Malam, ni shaya ta kwanta mini, tsakwaikwaiwa ta yi wa 'ya'yana tsawo.

Mai kiwo a Amurka: Hajiya kin faɗi gaskiya. Tawa haka take cusa baki tsakanin yatsuna ta buɗe, har cikin kunne in na yi sake.

Mai fassara: To "shayar Turawa" ke nan, kamar yadda muke cewa kajin Turawa?

Malamin Hausa: Kusa, amma gyara ƙarshen. Kajin Turawa mutane ne suka kiwata suka kawo. Wannan tsuntsun daji ne, ba mallakin kowa ba, ƙasarsa za ka jingina shi da ita: shayar Turai. Mace ce a nahawu, shayar Turai ta sauka, ta yi sheƙa a kogon itace, ta saka ƙwai huɗu ko biyar masu ruwan bula. In kana nufin jinsi sai ka ce namijin shaya.

Ɗalibi: Malam, tambaya ɗaya. Tana Amurka, tana Ostareliya, tana Afirka ta Kudu, asalinta ma ya kai har yammacin Asiya. Turai ba ta yi mata kaɗan ba?

Malamin Hausa: Duk ƙasashe ukun da ka fara lissafawa kai ta aka yi. Su kansu Amurkawa, da Turai suke jingina ta. Suna ba taswira ba ne, ɗana, ya isa ya raba ta da shayar da mai karatu ya sani.

Mai fassara: Na karɓa, na gode ƙwarai. Shayar Turai ta shiga. Sai dai sakin layi na gaba ya kawo wata: murmuration. Wato taron dubbansu da yamma lokacin hunturu, kafin su kwanta, suna murɗawa a sama kamar hayaƙi. Bayanin ya ce masu bincike a birnin Rum sun gano kowace ɗaya maƙwabtanta shida ko bakwai kawai take bi, ba shugaba, kuma in shaho ya kawo hari sai taron ya dare ya sake haɗewa.

'Yar'uwa a Ingila: Na gani da idona a Brighton, bakin teku. "Guguwar shaya" zan ce.

Malamin Hausa: Guguwa ɓarna take yi, Hajiya. Ni "rawar shaya" ta fi mini.

'Yar'uwa a Ingila: Malam bai taɓa ajiye mota a ƙarƙashin bishiyar da suka kwana ba, shi ya sa.