Za a rushe gadar saman I-81 a mayar da ita titin ƙasa, anya kuwa?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar tituna, ko suka zauna a garin da aka taɓa yin irin wannan aiki.

A Syracuse nake, jihar New York ta Amurka, sana'ata tuƙi, yawanci masu zuwa asibiti nake ɗauka. Babban titin I-81 ya ratsa tsakiyar garin a kan gadar sama mai tsawon mil 1.4, har inda ya sarƙe da wani babban titin, I-690. Gwamnatin jiha ta ce rushe gadar za ta yi, a shimfiɗa titi a ƙasa da danjoji, aikin dala biliyan 2.25. Gwamna Kathy Hochul ta ƙaddamar da shi a watan Yulin 2023.

Tsufa kam gadar ta tsufa, ba na musu. Duk wanda ya bi titin Almond da ke ƙarƙashinta lokacin sanyi ya san ruwan gishirin nan da ke ɗigo maka a gilashi, ya bushe ya bar farin tabo. Ginshiƙan duk jan zanen tsatsa, wani wurin kankaren ya ɓare har rodi ya leƙo. To amma a gyara mana! Manyan asibitocinmu da jami'ar Syracuse duk a gindin gadar nan suke, a kan tudu. In aka sauko da motocin nan ƙasa, ina za su shiga? Ni mai ɗauke da tsohuwar da za a yi wa wankin ƙoda ƙarfe bakwai na safe, danja nawa zan tsaya?

Ɗan Fagge:
Ikon Allah. Mu a Kano gwamna bai cika gwamna ba sai ya yi gadar sama. Ga ta Ƙofar Nasarawa, ga Dangi, ga Hotoro, ga doguwar nan ta Sabon Gari. Ku kuma can kuɗi za ku zuba ku rushe. Alhaji in ba kwa so ku turo mana ita mana.

Injiniya Sabo:
Malam Baban Ilham, maganar "a gyara" ita ce inda gizo ke saƙa. An yi gadar nan da ma'aunin shekarun 1950 zuwa 1960. Kai da kake binta kullum ka sani, ba ta da gefen da mota za ta raɓe in ta lalace, kwanoninta sun matse, hanyoyin hawa da sauka gajeru ne. Gwamnatin tarayya ba za ta sa kuɗinta a sake gina ta yadda take ba, sai an bi ma'aunin yanzu, wato ta ƙara faɗi, a miƙar da kwanonin. Faɗin nan kuwa daga ina za a samo shi? Sai an ƙara rushe gine-ginen da ke gefenta. Sannan gishirin da kuke zubawa saboda dusar ƙanƙara zai ci sabuwar kamar yadda ya ci tsohuwar. Yana bin tsaga ya shiga kankare, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa simintin ta ciki.

Kuma ba duka motocin ne za su sauko ba. Tirelar da ta taso daga Pennsylvania za ta Kanada ba ruwanta da cikin gari, za ta bi titin I-481 da ya zagaye garin ta gabas, shi ne zai ɗauki sunan I-81. Shi ya sa da faɗaɗa wancan aka fara. Masu shiga gari kuma, a kan gada kowa mafita guda yake rububi, layi ya taru a wuri ɗaya. A ƙasa ko'ina kana iya karya kwana. Za ka ƙara 'yan mintoci, ba zan ɓoye maka ba, amma ba irin abin da kake tsoro ba.

Ɗan Fagge, ku ba ku da ƙanƙara da gishiri, gadojinku kuma jarirai ne. A sake maganar in sun shekara hamsin.

Hajiya Turai:
Ƙanena, na daɗe a yankin San Francisco. Mun yi gadar Embarcadero, hawa biyu, ta tare gari da bakin ruwa. Girgizar ƙasar Oktoban 1989 ta illata ta, aka fara rushe ta a 1991. 'Yan kasuwar Chinatown sun yi ta kukan za a yanke musu masu saye, magajin garin, Art Agnos, har zaɓe ya faɗi a shekarar. Yau je ka gani, mutane ne ke yawo a ƙafa har gaban Ferry Building, ginin tashar jiragen ruwa, taragon lantarki na wucewa. Sai dai mu muna da jiragen ƙasa da bas isassu. Seoul ma, babban birnin Koriya ta Kudu, da suka rushe gadar Cheonggyecheon tsakanin 2003 da 2005, sai da suka yi wa tsarin bas ɗinsu garambawul a 2004. Ku tambayi naku me suka tanada ta wannan ɓangaren.

Baban Ilham:
Na gode Injiniya, na gode Yaya Hajiya. Maganar bas ta taɓa ni, don a garin nan wanda ba shi da mota lokacin sanyi yana jin jiki.

Mintocin zan iya haƙura da su. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Inda gadar nan take, unguwar baƙaƙen fata ce a da, 15th Ward, aka tashe su aka bi ta kan gidajensu da shagunansu. Waɗanda suka rage, irin mutanen Pioneer Homes, rukunin gidajen hayar gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, su ne suka shekara da shekaru suna shaƙar hayaƙi, tagoginsu na kallon ginshiƙai. Ko a wannan sabon tsarin sai da mutanen unguwa suka tashi tsaye kafin a janye shataletalen da aka so yi a kusa da makarantar firamare ta Dr. King. Masu otal da kantunan bayan gari da ba sa son rushewar sun samu masu kai ƙara, alƙali ya tsayar da rushewar a Fabrairun 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2024. Su talakawan wa zai ɗaukar musu lauya? Da zarar gadar ta faɗi, filayen nan tsakanin jami'a da tsakiyar gari za su yi tsada, kuma da yawa daga fasinjojina 'yan haya ne a wurin.

Yaya Hajiya, a naku bayan an rushe, waɗanda ke zaune kusa da gadar sun ci gaba da zama ko haya ta kore su?