Neman kalmar Hausa: me za mu kira "dignity kit"?

Jama'a, jakar nan ko bokitin da ma'aikatan agaji, musamman na UNFPA, asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, ke raba wa mata da 'yan mata a sansanonin gudun hijira har yau ba ta da tsayayyen suna a Hausa. A Najeriya "dignity kit" ake cewa, a Nijar "kit de dignité". Masu buƙatarta kuwa suna nan daga Borno zuwa sansanin Minawao na Kamaru da aka buɗe a 2013, da sansanin Sayam Forage na Diffa, har jihar Maradi inda mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina suka riƙa tsallakawa tun 2019.

Mu fara leƙa cikinta. Audugar mata ko ƙunzugun da ake wankewa, kamfai, sabulun wanka da na wanki, zane, sau da yawa har tocila da usur. Waɗannan biyun saboda fita bayan gida da dare ne, lokacin da ake far wa mata. A wajen rabon ne kuma ake gaya wa mace inda za ta je awo, da cewa wadda aka yi wa fyaɗe ta isa asibiti cikin awa 72 don maganin kariya daga cutar ƙanjamau. Sunan da za ta ji kunyar faɗa a gaban surukarta zai hana ta zuwa layin ma.

"Kayan mata": a cire shi tun kafin a yi abin kunya. Kowa ya san kayan da ake kira haka a kasuwa. A yi shela da wannan suna a sansani, magidanta ne za su fara zuwa jin ba'asi.

"Kayan tsafta" ya kama rabi. Ina tsafta a usur? Kuma akwai wani rabon na sabulu da jarka da ake ba gida guda, shi ya fi cancantar sunan.

"Jakar mutunci" fassara ce ƙafa da ƙafa. Bahaushe yana cin mutunci, yana zubar da shi, yana kare shi, amma ba ya ƙunsa shi a jaka. Kuma akwai gatse a ciki, kamar matar ba ta da shi sai da aka miƙo mata.

Ni dai na tsaya a kan "jakar rufin asiri". Matar da ta baro garinsu da zane ɗaya, al'ada ta zo mata a tsakiyar mutane, abin da take roƙon Allah ke nan: ya rufa mata asiri. Tsohuwa za ta faɗe shi, budurwa za ta faɗe shi, liman ma zai sanar a masallaci ba tare da in-ina ba.

Akwai mai cewa "asiri" na iya tayar da zancen sihiri, ganin yadda jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003. Tsoron yana da tushe, amma "rufin asiri" a haɗe ba ya ɗaukar wannan ma'ana a bakin kowa.

Kada dai a cakuɗa ta da ƙunshin da ake ba mai tsohon ciki: leda ta shimfiɗa, sabuwar reza, zaren ɗaure cibiya, sabulu da safar hannu. Wannan ungozomomi sun riga mu, kayan karɓar haihuwa ne.

'Yan'uwa na Maradi da Diffa, yaya matan ke kiranta a wajenku? In suna da nasu sunan, a kawo shi nan mu gwada da wannan.